Zauren Malamai: Shawarwari ga Malam Habu Mai Shirin Tafiya Koyarwa Gambiya

Malam Habu, Taura:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena da abokan aikina na wannan zaure, shawararku nake nema. Kamar yadda wasunku suka sani, na nemi shiga shirin nan na gwamnatin tarayya mai tura ƙwararru ƙasashen waje, wanda aka fi sani da TAC, kuma cikin ikon Allah sunana ya fito. An shaida mini cewa Gambiya za a kai ni in koyar da lissafi na shekara biyu a wata babbar sakandare da ke yankin Farafenni. Ni kuwa in ban da shekarar hidimar ƙasa, ban taɓa yin wata guda cur a wajen Jigawa da Kano ba. Abin da ya shafi aji ba ya ba ni tsoro, domin shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli. Zaman yau da gobe nake so in ji labarinsa: ci da sha, masauki, mu'amala da mutanen gari, da kuma yadda mutum zai bar mata da 'ya'ya huɗu da mahaifiya da gona ba tare da ya bar baya da ƙura ba. Duk wanda ya taɓa irin wannan tafiya, ko wani nasa ya yi, don Allah ya taimaka mini da abin da ya sani.

Malam Isyaku, Ringim:
Wa alaikumus salam. Ƙanena Malam Habu, ina taya ka murna, Allah ya sanya alheri a tafiyar. Na yi shekara biyu ina koyarwa kusa da garin Soma, wanda kogi ne ya raba shi da Farafenni, saboda haka inda za ka kamar tsohuwar unguwata ce. Amma kafin mu tsallaka kogi bari mu fara da nan gida, domin a nan ne akasarin masu irin wannan tafiya suke tuntuɓe.

Kada ka ɗaga ƙafa sai takardar izinin tafiyarka ta fito a rubuce, da sa hannu da hatimi, kuma ta faɗi ƙarara ranar da hutunka zai fara, da ranar da zai ƙare, da matsayin albashinka da ƙarin girmanka a tsawon lokacin. Wani abokin tafiyarmu daga wata jiha ya dogara da alkawarin baki na maigidansa a wurin aiki, wanda ya ce masa ya je babu komai. Kafin ya dawo an yi wa maigidan canjin wuri, an kuma yi tantance ma'aikata ba ya nan, sai da ya shafe watanni yana zarya kafin a mayar da sunansa cikin masu karɓar albashi. Idan takardar ta fito ka yi mata kwafi uku, ɗaya a jakarka, ɗaya a wurin uwargida, ɗaya a hannun wani abokin aiki da ka amince da shi, sannan ka ɗauki hotonta da waya.

Fasfonka ya zama wa'adinsa ya zarce shekara biyun, in da hali ka yi mai shafi 64 na shekara goma ka huta. Ka karɓi allurar rigakafin cutar shawara da katinta mai ruwan ɗorawa, wadda tun daga 2016 sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Ka kai takardun karatunka a tantance su a ma'aikatar ilimi ta tarayya da ta harkokin waje a Abuja, ka haɗa da shaidar rajistarka ta hukumar yi wa malamai rajista, wato TRCN. Gambiya tana cikin ECOWAS, don haka ba ka buƙatar biza wajen shiga, amma wannan damar ta kwana 90 ce, zaman shekara biyu yana da tasa takardar, kuma idan kun isa ka tabbatar an yi maka ita, ka kuma yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya.

Akwai wani ƙaramin abu da ba wanda ya gaya mini, kuma ya ba ni wuya: layin wayar da bankinka yake aiko maka da saƙo. Idan layi ya daɗe ba a amfani da shi ana iya rufe shi a ba wani. Ko dai ka tafi da shi ka riƙa sa masa kati lokaci zuwa lokaci, ko ka bar shi a wayar uwargida.

A tsarin wannan shiri, wanda aka kafa tun 1987, Najeriya ce take biyan alawus, ƙasar da ta karɓe ka kuma ta ba ka masauki. Duk da haka ka riƙe guzurin da zai kai ka wata biyu ko uku, domin kafin a buɗe asusu a daidaita komai, ciki ba ya jira.

Baba Hedimasta, Babura:
Ɗana Habu, ni ban taɓa koyarwa a ƙasar waje ba, iyakata Makka da Madina. Amma na zauna a gaban baƙin malamai ina ɗalibi, daga baya kuma na yi aiki tare da su, tun Jigawa tana cikin tsohuwar jihar Kano, kafin a raba a 1991. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 da wuya ka shiga sakandare a ƙasar nan ba ka tarar da Ba'indiye ko ɗan Pakistan ko ɗan Filifin yana koyar da lissafi ko kimiyya ba, ga Misirawa a Larabci, ga 'yan Ghana a Turanci, har zuwa 1983 da gwamnatin Shagari ta sallami baƙin da ba su da takardu, da yawansu suka tafi.

Ka ce aji ba ya ba ka tsoro. To, da za ka ji tawa, ka ɗan ji tsoronsa. Malamin lissafinmu na farko Ba'indiye ne, kuma ya san lissafi kamar yunwar cikinsa, amma mun yi zango guda cur ba mu fahimtar abin da yake faɗa. Muna gyaɗa kai, yana tsammanin mun gane, sai da takardun jarrabawa suka tona mana asiri. Abin da ya cece mu shi ne da ya gano haka bai yi fushi ba. Ya rage sauri, ya koma rubuta kowane mataki a allo, yana kiran ɗalibi ɗaya ya maimaita da bakinsa. Turancinka na Taura haka zai zama a kunnen yaran can, ko da kuwa kai kana jin sa garau. Kuma za su laƙaba maka suna tun makon farko, kamar yadda muka laƙaba wa kowane ɗayansu, kada ka nemi sanin sunan.

Yau shekara kusan hamsin, idan muka haɗu da abokan karatu, mutum biyu muke tunawa. Ɗaya wani malami ɗan Ghana ne, ba Musulmi ba ne, amma da mahaifin wani ɗan ajinmu ya rasu ya hau keke ya tafi ƙauyensu, ya cire takalmi ya zauna a tabarma tare da masu zaman makoki, ba ya jin abin da ake cewa sai dai ya ɗaga hannu idan an ɗaga. Ɗayan kuwa ba ya buɗe baki sai ya ce a ƙasarsu ba haka ake yi ba: ruwanmu ba shi da kyau, zafinmu ya yi yawa, yaranmu ba su da ƙoƙari. Wataƙila ma wani abin gaskiya ya faɗa, amma ranar da ya tafi ko jaka ba wanda ya ɗaukar masa. Kalmar nan "a Najeriya" ka yi mata linzami, musamman da yake ƙasar da za ka ƙarama ce, kuma mutanen ƙaramar ƙasa suna saurin jin ƙanshin raini daga ɗan babbar ƙasa.

Malam Lawan, Garki:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ni tawa shawarar ta aljihu ce. Malam Habu, tun da Allah ya buɗe maka wannan ƙofa, kada ka tafi hannu rabbana. Ka shiga Kano ka sayi huluna da turare da 'yan yadika ka tafi da su, duk inda Musulmi suke wannan kaya ba ya kwantai. Sannan da ka isa ka nemi inda 'yan Najeriya suke ka kama zama kusa da su, domin naka sai naka, ranar ciwo ko wata matsala su za ka fara gani.

Malam Isyaku, Ringim:
Malam Lawan, a kan huluna na yarda da kai rabi. Ya tafi da su, amma tsaraba, domin hular Kano tana da daraja a can ƙwarai, kuma guda ɗaya da ka ba limami ko shugaban makaranta za ta yi maka abin da ribar dozin ba za ta yi ba. Batun ciniki kuwa, ya fara karanta yarjejeniyar da zai sa wa hannu, ya ga abin da ta halatta masa. Ko da ta halatta, malamin da iyayen yara suka sani da bin bashin kuɗin turare ya rage wa kansa kwarjini. Zancen zama cikin 'yan gida kuma, yawancin 'yan Najeriya suna can bakin teku ne, wajen Serekunda da Banjul, shi kuwa cikin ƙasa za a kai shi. Ya riƙe lambobinsu, ya ziyarce su lokacin hutu, amma ranar da zazzaɓi ya kayar da shi da tsakar dare maƙwabcinsa ne zai nemo abin hawa. Ni na ga wannan da idona, domin ni aka ɗauka.

Bari in ba ka hoton wurin, Malam Habu. Gambiya duka faɗinta kusan rabin Jigawa ne, mutanenta kuma ba su kai miliyan uku ba. Siririyar ƙasa ce da ta bi gaɓar kogi hagu da dama, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina in ban da bakin teku. Farafenni tana arewacin kogin, dab da iyakar Senegal. Lokacin da na fara zuwa, da jirgin fito ake tsallakawa tsakaninmu da su, manyan motoci su yi layi har su kwana, ina can aka buɗe gadar Senegambiya a watan Janairun 2019, yanzu 'yan mintoci ne. Yanayin wurin ba zai zame maka baƙo ba: gero da gyaɗa suke nomawa, ga kuka ko'ina, ga amalanken jaki da na doki, damina daga Yuni zuwa Oktoba, bazara kuma ta yi zafi irin na Haɗeja. Har kasuwar mako suna da ita, suna ce mata lumo, kuma ta Farafenni ranar Lahadi take ci kamar Gujungu. Motar haya ta tsakanin garuruwa sunanta gele-gele, kuɗinsu dalasi.

Wannan kamannin shi ne tarkon. Saboda ka ga masallaci da gero da kuka sai ka ɗauka kana gida, ka manta cewa baƙo ko da ido makaho ne. A makonka na farko ka roƙi shugaban makaranta ko wani dattijon malami ya raka ka wurin mai gari, wanda suke kira alkalo, ka tafi da goro, ka gabatar da kanka. Sama da shi akwai seyfo, kamar hakimi ke nan a wurinmu. Daga nan ka gaida limami. Bayan wannan duk wanda ya gan ka a hanya ya san baƙon wane ne kai. Mai yiwuwa ne gidan da suka karɓe ka su ba ka sunan danginsu, ka amsa shi da hannu biyu, domin da sunan dangi ake gaisawa a can, kuma da shi za ka shiga wasan barkwanci, wanda suke da shi tsakanin dangi da dangi da tsakanin ƙabilu, kamar Serer da Jola, tamkar namu na Fulani da Barebari. Ranar da wani tsoho ya tare ni a kasuwa ya ce ni bawansa ne kuma ɓarawon shinkafa, raina ya ɓaci, ashe alama ce ta an karɓe ni.

Harshe kuwa, Turanci na ofis da aji ne, a titi Mandinka da Wolof da Fulatanci za ka ji. Ka haddace gaisuwa tun kafin ka tashi. Da Mandinka idan an ce "kayira be" sai ka ce "kayira doron", wato lafiya lau, godiya kuma "abaraka". Da Wolof "nanga def", amsa "mangi fi rek", godiya "jerejef". Na san kana jin Fulatanci ta wajen mahaifiyarka, to ka tafi da jari, domin ko da yake nasu ya ɗan bambanta da na Fulanin Jigawa, "jam tan" da "jarama" za su buɗe maka ƙofofi, kuma yawancin masu kantunan unguwa Fulani ne. Suna doguwar gaisuwa kamar mu, a nan ba za ka sha wuya ba.

Sai abinci. Shinkafa ce sarauniya, rana da dare, kuma ka shirya kewar tuwo. Akwai domoda, wadda miyar gyaɗa ce mai kauri, akwai benacin, wato dafa-duka, yawanci da kifi, akwai cere, wanda ake yi da gero, ɗan'uwan dambu ne. Zoɓo sunansa wonjo. Da safe burodin tapalapa da wake ko ƙwai ya ishe ka. Wani abin dariya, a Wolof garin kuka shi ake kira lalo, saboda haka ranar da na ji mai talla tana cewa lalo na yi murna zan sha miyar lalo, sai ta miƙo mini kuka. Daddawa kuma netetu ce. Ke nan kada ka cika jaka da kuka da daddawa, abin da za ka ɗauka shi ne yajinka na gida da busasshiyar kuɓewa. Shawarata mafi muhimmanci a nan ita ce kada ka ce za ka riƙa girki kai kaɗai a ɗaki. Malamai baƙi sukan yi yarjejeniya da wani gida, su ba da kuɗi ko buhun shinkafa duk wata a riƙa kawo musu kwano. Ya fi araha, kuma wannan gidan shi zai zama danginka. A babban kwano ɗaya ake ci, kowa ya ci gabansa, kuma duk wanda ka wuce yana ci zai kira ka. Bayan la'asar kuma akwai ataya, shayi zagaye uku a ƙananan kofuna, wanda yakan ci sa'a guda ko fiye. Na fara ganin sa ɓata lokaci ne, daga baya na gane duk abin da ke faruwa a makaranta a gindin butar nan ake yanke shi kafin a shiga taron malamai.

A makaranta, manhajar ba za ta ba ka mamaki ba, domin Gambiya tana cikin ƙasashe biyar na WAEC tare da mu da Ghana da Saliyo da Laberiya. Aji 10 zuwa 12 su ne SS1 zuwa SS3 namu, saboda haka ka tafi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da littattafan da ka saba da su. Makarantu da yawa suna yin karatun safe da na yamma saboda ƙarancin azuzuwa, ka tambaya tun farko ko za a ɗora maka duka biyun. Bulala kuwa ka bar ta a Taura. Ko ka ga ɗan gari yana duka, kai baƙo ne, yaro ɗaya ya ji rauni a hannunka zancen ba a ofishin shugaban makaranta zai tsaya ba.

Malama Rabi, Ringim:
Assalamu alaikum. Na ga duk shawarwarin sun bi mai tafiya, bari ni kuma in yi magana da bakin wadda ake bari a gida. Maigidana ya yi shekara biyu yana koyarwa a Mbale ta ƙasar Yuganda, ya bar ni da yara biyar da mahaifiyarsa. Malam Habu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, a matsayin yayarka nake faɗa.

Da farko ka zauna da matarka ku yi shawara ta gaskiya, kada ta ji ranar tafiya a bakin ƙannenka. Sannan kuɗin cefane da na makarantar yara da na asibiti su riƙa shiga hannunta kai tsaye, a asusunta. Maigidana da farko ta hannun wani ɗan'uwansa yake aikowa, don a ganinsa hakan ya fi mutunci, kuma mutumin bai ci ko kwabo ba, amma sai na aika yaro sau uku kafin kuɗin sabulu ya zo, ni kuma ina jin nauyin in yi ta aike. Wannan ya kusa ɓata zumuncin da ya fi shekara goma. Kuɗin mahaifiya kuma ka ware shi daban, ka sanar da ita adadinsa da bakinka, don kada wata rana a ce matarka ce take tsakura mata.

Tun da kaka ta kusa, ka sayi gero da dawa da wake na shekara a Gujungu tun suna da sauƙi, ka zuba a rumbu ko a buhunan da ba sa shan iska, ka ga an adana su da idonka. Gona kuwa, ko aro za ka bayar ko haya ko noman raba-daidai, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a faɗi shekara nawa, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara biyu ta isa iyakar gona ta matsa.

Game da waya, ku tsayar da lokaci sananne, kuma ka riƙa magana da kowane yaro shi kaɗai, ka tambaye shi karatunsa na boko da na allo. Ɗanmu na biyu ya lalace da yawo a shekarar farko, ni kuma na ɓoye wa babansa don kada hankalinsa ya tashi a baƙon wuri, shi ma ashe ya yi jinya ta mako biyu ya ɓoye mini. Kowa yana tausayin kowa, muka bar ɓarna tana girma. Ka gaya wa matarka tun yanzu cewa ka fi son labari marar daɗi a kan lokaci. Kuma idan hutun ƙarshen shekara ya zo, in an ba ka izini, ka zo gida ko da kuɗin jirgin zai cinye rabin abin da ka tara. Maigidana bai zo ba, ya ce gara ya haɗa kuɗin ya sayi fili. Filin yana nan, amma autarmu da ya dawo ɓuya ta yi a bayana, ta yi wata guda tana ce masa baƙo.

Ustaz Kabiru, Taura:
Allah ya saka wa Malama da alheri, maganarta tana da asali. Ya zo a littattafan magabata cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, sannan ya iyakance wa mayaƙa lokacin da za su yi ba su dawo gida ba, wasu ruwayoyi suka ce wata huɗu, wasu wata shida. Saboda haka yardar iyali a doguwar tafiya haƙƙi ne, kuma Malam Habu ya nemi albarkar mahaifiya kafin komai.

Ta fuskar ibada ba za ka sha wahala ba, domin mafi yawan mutanen Gambiya Musulmi ne kuma Malikawa kamar mu. Ƙaramar Sallah suna ce mata Korite, Babbar Sallah kuma Tobaski. Wajen ganin wata ka bi garin da kake, kada ka ce sai ka ji sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Ka lura kuma agogonmu yana gaban nasu da sa'a ɗaya, amma a rana tazarar ta fi haka, ta kai wajen sa'a ɗaya da minti arba'in, saboda suna can ƙuryar yamma. Idan iyalinka suka sha ruwa a Taura, kai da sauran zama, kada kiran wayarsu ya ruɗe ka. Daga Farafenni kuma Kaulaha ba ta da nisa, tafiyar 'yan sa'o'i ce a cikin Senegal, inda Shehu Ibrahim Inyass yake kwance a Madina Baye, kuma lokacin Maulidi za ka tarar da Kanawa da mutanen Jigawa cike da garin. Ko ba don ziyara ba, hanya ce ta aiko da saƙo gida da karɓar yaji. Sai dai ka nemi izinin shugabanninka kafin ka ƙetare iyaka, ka canji sefa, irin ta Nijar ce.

Malam Auwalu, Garki:
Iyayena ku gafarce ni in shigo da tawa tambayar, tun da ta yi kama da wannan. Wani mutum ya ce zai samo mini aikin koyarwa a wata ƙasar Larabawa, amma sai na fara biyan kuɗin biza da na kujera, kuma ya ce in ba shi fasfona. Ina neman shawara.

Malam Isyaku, Ringim:
Auwalu, kada ka ba shi fasfo, kada ka ba shi kuɗi. Makarantar da take son malami da gaske ita take yi masa tambayoyi, ta aiko masa da takardar ɗauka mai sunanta da adireshinta da albashi a rubuce, wadda zai iya bincikawa da kansa. Ka ce ya kawo wannan tukuna, za ka ga ya daina ɗaukar wayarka. Shirin da Malam Habu ya shiga sanarwa ake yi a fili, a cika takarda a je a yi tantancewa, ka jira zagaye na gaba ka nema.

Malam Habu, Taura:
Na karanta komai, wasu har sau biyu, kuma na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na janye maganata ta cewa aji ba ya ba ni tsoro. Yaya Rabi, jiya da dare na karanta wa maiɗakina saƙonki daga farko har ƙarshe, ta ce in gaya miki kin faɗi abin da ta kasa faɗa, kuma gobe za mu je a buɗe mata asusu. Gonar zan ba ƙanena noman raba-daidai, mun yi da mai unguwa za a rubuta ranar Juma'a bayan an sauko. Takardar izini kuwa har yanzu da baki ne aka ce mini babu komai, saboda haka ranar Litinin da sassafe zan tafi Dutse. Saura tambaya ɗaya, Yaya Isyaku: batun lafiya, me zan ɗauka daga nan, kuma yaya asibiti yake a can?

Malam Isyaku, Ringim:
Akwai babban asibiti a cikin Farafenni, a nan ma aka kwantar da ni. Ka tafi da gidan sauro mai magani guda biyu, domin kusa da kogi sauro ba ya wasa, musamman daga Agusta zuwa Nuwamba, kuma da ka ji zazzaɓi ka je a gwada jininka a ranar, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Idan akwai maganin da kake sha kullum, ka sa likita ya rubuta maka sunansa na asali, domin sunan kamfani yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ka haɗa da fitila mai caji da ƙaramin faifan sola. Bakin soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku, ba sai ka sayi wani abu ba.

Ranar Litinin ka biyo ta Ringim mu tafi Dutse tare, na san irin kalmomin da ya kamata takardar ta ƙunsa, zan zo da tawa ka gani. Kuma ina da saƙo. Maigidan da ya ciyar da ni shekara biyu yana zuwa lumon Farafenni duk Lahadi da awakinsa, akwai hula biyu da kwalbar turare da na ajiye masa tun bara na rasa wanda zan ba. Zan tura maka lambar ɗansa ta akwatinka. Idan kun haɗu zai ce maka ɓarawon shinkafa, kai kuma ka ce masa shi ne ya cinye tukunyar.